Kalo-kalo a Gidan Malam Isiyaku

Malam Isiyaku na Kibiya mutum ne da ba ya magana biyu, kuma ya san mutane sun san haka, abin da ya ƙara masa taurin kai ke nan. Shi ke jan sallah a masallacin unguwarsu, shi ke karantar da fiƙihu a zaurensa, sauran lokacin kuma yana gonarsa ta hanyar Tarai yana fama da dawa da gyaɗa. Amma in ka tambayi mutumin garin abin da aka fi sanin Malam da shi, ba karatun zai faɗa maka ba, labarin rantsuwar zai ba ka.

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, lokacin da jinin kowa ke tafasa, aka kama ƙanensa Muntari a bayan kasuwa yana karta. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma gida ɗaya suke zaune, gidan gado. Malam ya ji kunyar da bai taɓa ji ba, don a makon ya gama wa'azi a kan caca har muryarsa ta dashe. Sai ya tsaya a ƙofar masallaci, jama'a na kallo, ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani ya ce, "Wallahi, ni da caca, ko kayan caca, ko mai yin caca, ba za mu ƙara kwana a gida ɗaya ba."

Kafin magariba Muntari ya kwashe 'yan komatsansa. Iya, mahaifiyarsu, ta yi roƙo har da hawaye, ta ce ai rantsuwa tana da kaffara, ya ciyar da miskinai ya bar ɗan'uwansa ya dawo. Malam ya ce maganar da aka yi a gaban jama'a ba a lashe ta. Haka Iya ta koma ga Mahaliccinta Muntari na kwana a wani ɗan shago a bakin tasha, inda daga baya ya sayi janareta ya kama sana'ar cajin waya. Ya bar karta tuntuni, kowa ya shaida. Sai dai ba wanda ya ce masa ya dawo, shi ma bai tambaya ba.

Malam yana da ɗan fari, Munzali. Saboda alkunya bai taɓa kiran sunansa ba, daga "kai" sai "yaron nan", kuma ba ya yabonsa a gaban kowa. Amma ranar da yaron ya sami gurbin digiri na biyu a fannin fiziks a jami'a cikin Kano, Malam ya wuni yana noma yana murmushi shi kaɗai, har maƙwabcin gonarsa ya tambaye shi ko lafiya. Da daminar da malaman jami'a suka tafi yajin aiki, Munzali ya dawo gida da kwamfuta ƙarama da batirin mota. Wuta a Kibiya kuwa baƙuwa ce, in ta zo ba ta zama. Don haka kullum da safe yakan ɗauki kayansa zuwa shagon Baffansa Muntari ya jona a janareta, da yamma ya dawo gida kwamfutar ta ci gaba da aiki a kan batir. Malam ya sani, ya kau da kai. A ransa ma daɗi yake ji akwai ɗan gidan da ke zama wajen Muntari.

Ga yadda masifar ta faro. Wata rana Muntari ya leƙa fuskar kwamfutar ya ga wasu layuka ja da kore suna tsirowa daga ɗigo ɗaya suna watsuwa ko'ina, sai ya tambayi sunan abin. Munzali ya ce hanyar lissafi ce da ake kira Monte Kalo.

"Kalo me?" in ji Muntari. "Kalo-kalo?"

Shi dai Muntari ya yi zaman bariki, ya san injin nan da ake jefa wa kwabo a ja hannu a jira sa'a, kuma kalo-kalo ake ce masa. Munzali, maimakon ya kama bakinsa, sai ya tuntsire da dariya ya ce, "Baffa, ai ba ka yi nisa da gaskiya ba. Sunan wani gari ne na 'yan caca a Turai. Ita ma hanyar lissafin ƙuri'a take jefawa, caca ce zalla." Masu boko suna da wannan ciwon, in suka ga wanda ya kusa gane abinsu sai daɗi ya kwashe su. Ga mutane a zaune a kan benci suna jiran wayoyinsu, kunnuwansu a buɗe.

Washegari da hantsi Malam yana ciyawa a gona, sai ga Bello, wani Bafulatani da ke zuwa ɗaukar karatu a zaurensa, ya biyo ta gefen gonar da shanunsa. Bayan sun gaisa Bello ya dogara da sandarsa ya ce, "Allah gafarta Malam, ina da tambaya. Wai kalo-kalon kwamfuta ya halatta ne? Na ji ana ta faɗi a tasha, wai shi ɗanka ke yi a gida, wai ku malamai kun ce wannan ba komai."

Bello ba mutumin gugar zana ba ne, tambayar tsakani da Allah ya yi, kuma wannan ne ya fi tayar wa Malam hankali. In har magana ta kai ruga, to gari ya ɗauka. Ya ajiye fartanya bai ko kakkaɓe ƙafarsa ba ya nufi gida. Dararen da suka wuce ba laifi, bai sani ba. Amma yanzu ya ji, kuma dare na zuwa. Kafin a kwanta yau, ko dai ya tabbatar abin nan ba caca ba ne, ko ɗansa ya bi sawun Muntari.

Ya sami Munzali a ɗakin da ke kusa da zaure yana shirin fita.

"Kai," Malam ya ce, "zauna ka gaya mini abin da ke cikin akwatin nan naka. Kada ka rage komai."

Munzali ya dubi fuskar mahaifinsa ya sha jinin jikinsa. Ya durƙusa ya buɗe kwamfutar a kan tabarma.

"Baba, duk abin da Allah ya halitta, da ƙarfe da ruwa da jikin mutum, ƙwayoyin zarra ne a haɗe, ido ba ya ganinsu. Kowace ƙwaya kuma tana da ɗan ƙwallo a tsakiyarta, kamar na goruba. A ƙasashen da suke da hali akwai injinan da ke harbo wata ƙwaya mai tsananin gudu ta daki wannan ƙwallon ya tarwatse, a duba inda ɓarɓashin ya nufa. Mu ba mu da injin, sai mu sa kwamfuta ta kwaikwayi karon."

"Don a yi me?"

"Ni nawa aikin shi ne in gano kaurin katangar da za ta tare ɓarɓashin nan, kada ya shiga jikin mutanen da ke aiki a wurin. Asibitocin da ake ƙona ciwon daji suna buƙatar irin wannan lissafin."

"To ina kalo-kalo ya shigo?"

"Ƙwaya ɗaya in ta taho, ba wanda ya san abin da za ta yi sai Allah. Za ta iya yin dama, za ta iya yin hagu, za ta iya wucewa ba ta taɓa komai ba. To sai na'urar ta jefa ƙuri'a a kan hakan, ta ajiye abin da ya fito, ta sake harbo wata ta sake jefawa, sau dubu dubbai. In aka tara, sai a ga inda mafi yawansu ke zuwa da inda suke tsayawa."

Malam ya bi layukan da kallo suna tsirowa suna ɓacewa. Can ya ce, "Wato kamar in watsa irin riɗi a fili. Ban san inda kowace ƙwaya za ta faɗa ba, amma na san iyakar wurin da zai tsiro."

"Haka ne, Baba. Wallahi haka ne."

Wani daɗi ya taso wa Malam, ya yi maza ya danne shi. Ba lokacin jin daɗi ba ne.

"Wa ke ci, wa ake cinyewa?"

"Ba kowa."

"To me ya sa ka ce caca ce da bakinka, a gaban mutane?"

Munzali ya sunkuyar da kai. "Wasa nake yi da Baffa."

"Sunan garin 'yan cacan fa, shi ma wasa ne?"

"Wannan gaskiya ne."

"Ƙuri'ar?"

"Ita ma gaskiya ce. Lissafin sa'a ne irin wanda ake yi a kan caca, shi aka ɗauko aka sa shi wannan aikin. Ba zan ɓoye maka ba, Baba."

Da yaron zai yi 'yar ƙarya ɗaya, da an huta. Amma Malam da kansa ya yi masa tarbiyyar da ba ta da wurin ƙarya, yau ga ta ta dawo masa. Zuciyarsa ta gaya masa wannan ba caca ba ce. Ba dukiyar kowa a ciki, kuma ƙuri'a kanta ai akwai wuraren da shari'a ta yarda da ita, ya sha karantar da babin. Sai dai ya san wace zuciya ce ke maganar, zuciyar uba ce. Ya tashi ya sa babbar riga ya tare ɗan acaɓa zuwa Rano.

A Rano malaminsa yake, Malam Dalhatu, tsoho tukuf da ido ya tafi, a wani gida da ke gindin duwatsu. Ya saurari bayanin har ƙarshe yana jan carbi.

"In dai yadda ka kwatanta ne, ban ga caca a ciki ba," in ji tsohon. "Amma daga bakinka na ji, Isiyaku, kai kuma uba ne. Mene ne hukuncin shaidar uba ga ɗansa?"

"Ba ta karɓuwa, Allah gafarta Malam."

"To. Ni ga shi ba na gani, ko da ina gani ban san na'urar ba, kuma ba na fatawa a kan abin da ban sani ba. Ka yi kaffara ka huta. Tun wancan karon na gaya maka."

Malam Isiyaku ya yi godiya ya fito. Kaffara abu ne mai sauƙi, dawar da ke rumbunsa ta isa har da saura. Amma ita ce Iya ta roƙe shi da hawaye ya hana ta. In yau ya buɗe rumbu saboda ɗansa, me zai ce da Muntari, kuma wa zai ƙara zama a zaurensa ya ɗauki karatu? Za a ce shari'ar Malam tana da ido, ta san ɗan wani ta san nasa. A kan acaɓa, ana ratsa gonakin masara, ya yi ta juya maganar bai sami bakin zaren ba. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas.

Ya iso masallacinsu daidai la'asar, ya ja sallah. Da ya idar ya juyo, sai ya ga sahun bai kai na kullum ba, waɗanda suka zo ɗin ma suna shafa addu'a suka zame ba wanda ya tsaya gaisuwa. Jira kawai suke yi su ga abin da zai yi, kuma ya san har a ƙofofin gidaje akwai masu jiran.

A tsakar gida ya iske matarsa Sa'adiya tana kwashe shanyar kuɓewa saboda hadari. Ita ma tun da ta haifi Munzali ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa shiga maganarsa ba, ko da an doke shi a gabanta. Yau sai ta ajiye faifan ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Malam, na ga yadda Iya ta ƙare tana kallon ƙofa. Ni ba zan iya ba." Daga haka ta shige ɗaki.

Munzali kuwa ya riga ya ɗaure jakarsa, ya ajiye batirin a bakin ƙofa. Kwamfutar ce kawai a buɗe tana ta aikinta, ba ruwanta.

"Baba, na haɗa kayana," ya ce. "Zan kwana wajen Baffa, gobe in wuce Kano in nemi inda zan raɓa."

"Ba wanda ya ce ka tafi tukuna."

"Na so in bar kwamfutar kawai a shagonsa, sai na tuna har da mai yi ka ce a rantsuwar." Ya dubi kwamfutar. "In kuma ka ce in bari, zan bari. Yanzu a gabanka zan goge aikin duka. Ka ga ba kaya, ba mai yi."

Malam ya san ba barazana ba ce. Yaron zai goge ɗin, ya zubar da wahalar shekarunsa, ya koma gona, kuma ba zai taɓa tayar da maganar ba har abada. Wannan biyayyar ta fi yi masa zafi a kan a ce yaron ya tsaya yana musu. Kalma ɗaya ake jira daga gare shi, komai ya kwanta, gobe sahu ya cika. Yana son yaron nan son da bai taɓa faɗi ba, kuma yana son ya ga ƙarshen lissafin katangar.

Sai ya yi abin da ya saba in matani ya yi masa tsauri. Ya zauna a bakin ƙofa ya ɗauko rantsuwar a ransa yana bin ta kalma kalma. Ni da caca. Ko kayan caca. Ko mai yin caca. Ba za mu ƙara kwana a gida ɗaya ba. Ya sake bi. A nan ya ga abin. Rantsuwar ta hana kwana tare, amma babu inda ta faɗi wanda zai fita.

Nan take ƙirjinsa ya buɗe. Har da ɗan alfahari, irin na malamin da ya warware mas'alar da ta gagari malaminsa. Bai karya rantsuwa ba, bai yi kaffara ba, bai yanke hukunci a kan abin da shaidarsa ba ta karɓuwa ba, kuma ba wanda aka kora. Akwai ɗan ɗakin ajiyar tabarmi a jikin masallaci, zai kwana a can har yajin aikin ya ƙare yaron ya koma Kano.

"Kwance jakarka," ya ce. "Ka mayar da batirin inda yake."

"Baba..."

"Na ce ka kwance. Ka ci gaba da aikinka, kuma daga yau ka dinga auna wasan da za ka yi a tasha."

Ya leƙa ɗakin Sa'adiya ya ce ta ba shi tabarma da bargo da buta. Ta miƙo masa tana kallonsa, ba ta gane ba sai da ya yi mata bayani, sannan ta zauna a bakin gado ta rufe fuska da mayafi. Ya fito iska ta fara kaɗawa, sama ta yi baƙi. Mutanen da ke ƙofofin gidaje suna jiran su ga ɗan Malam da jaka, sai suka ga Malam da tabarma a hammata. Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, kansa a miƙe.

Hanyar masallacin ta bakin tasha take. Muntari yana ƙoƙarin ja da janaretansa cikin shago kafin ruwa ya sauko. Ya tsufa fiye da shekarunsa, gemunsa ya yi furfura ya riga na yayansa. Da ya hango Malam sai ya saki igiyar ya taho da sauri ya rusuna.

"Yaya, tun jiya nake so in zo. Wallahi ban yi don in tona wa yaron nan asiri ba, dariya kawai muka yi. In fita ce, ya zo nan, akwai wuri. Amma don Allah kada ka..." Sai idonsa ya kai kan tabarmar. "Ina za ka da wannan?"

Malam ya yi masa bayani. Ya yi shi dalla-dalla yadda yake yi wa ɗalibai, har da maimaita lafazin rantsuwar, yana nuna inda ta tsaya. Yana magana yana jin daɗin maganar, don Muntari ne mutum na farko a waje da ya ji warwarar.

Muntari ya saurara har ƙarshe. Ya dubi tabarmar, ya dubi butar, sannan ya juya ya dubi shagonsa, inda katifarsa ke jingine a bayan tebur tsakanin wayoyin mutane da jarkokin fetur.

"Wato rantsuwar ba ta faɗi wanda zai fita ba," ya ce a hankali.

"Ba ta faɗa ba."

"Tun ranar da ka yi ta haka take, Yaya, ko yau ta zama haka?"

Muntari bai jira amsa ba. Ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da ya fi sauƙi. Ya koma ya kama igiyar janaretan ya ja shi ciki shi kaɗai, ya tura ƙofar langa-langar. Ruwa ya fara sauka manya-manya, ladan ya kira magariba. Malam Isiyaku, wanda shi ake jira ya ja sallar, yana tsaye a ƙofar shagon ƙanensa da tabarma a hammata, ya kasa gaba ya kasa baya.